Hannuna Ya San Hanya

Litinin, 4 ga wata, da hantsi

Kwamfutar ta sake mutuwa ana tsakiyar aiki. Ta yi zafi kamar dutsen guga, ta yi ɗif, injin ɗinkin bajo ya tsaya da allura a cikin aljihun rigar mutane. Dogo, ma'aikacina, ya ɗauko kwali yana yi mata fifita kamar mai jinya. Na ce masa ya bari, ba tausayi take nema ba.

Injiniya ta iso jiya. Hutun sati uku ta ɗauka daga wurin aikinta, wai ta zo ganin uwarta. Uwar da take gani a waya kullum. Na san wanda ya kira ta, na kuma san abin da aka ce ta zo ta yi. 'Yata ce, tun tana ƙarama take kwance rediyon gida ta mayar, shi ya sa sunan ya bi ta. Ni na tura ta karatun kwamfutar. Yau ga ta a shagona rungume da sabon kwali.

Ta ce, "Baba, wannan tsohuwar ta gama nata. Kuma ba ƙarfen ne kaɗai matsalar ba. Babbar manhajar da ke tafiyar da ita, wadda duk sauran suke zaune a kanta, masu ita sun daina kula da ita tun tuni. Sabuwar kwamfuta ba za ta karɓe ta ba. Dole a koma sabon tsari."

Na ce to manhajar zanena fa? Da ɗan makullinta da ake cusawa ta baya, wanda in babu shi ba ta buɗewa? Da wayar injin mai faɗin baki?

Ta ce duk za ta sa su yi aiki. Ta ce in ma abin ya yi min nauyi, ai ba abin kunya ba ne a ɗauko wanda zai zauna kan kwamfutar, ni in riƙa leƙowa daga gida.

Leƙowa. Da keken ɗinki ɗaya na haya na fara, a ƙarƙashin matakalar benen wani. Yau inji mai kai shida ne a bayana, rabin makarantun garin nan bajona ne a ƙirjin 'ya'yansu. Ban wuce sakandare ba, kuma ba wanda ya koya min kwamfuta. Ni na zauna da littafin da ya zo da injin na koya wa kaina. Wai in riƙa leƙowa.

Na ce mata ta sa sabon tsarin. In ban iya shi ba kafin hutunta ya ƙare, ta kawo wanda za ta kawo. Da bakina na faɗa, a gaban Dogo.

Talata, 5 ga wata, bayan azahar

Na sa an ƙara ƙwan fitila biyu a saman teburin. Fitilun yanzu ba su da ƙarfi, duk jabu ne.

Laraba, 6 ga wata, da safe, a bakin ƙofar shago

Bari in rubuta yadda nake aikina, don kada wata rana a ce tsohon nan lalube yake yi.

In na kunna tsohuwar, sai in jira ta yi 'yar waƙarta ta gaisuwa. Da na ji, na san ta farka. In danna maɓalli biyu da hannun hagu, manhajar zane ta buɗe. In danna wasu biyu, jerin ayyukana ya fito. Ni na raɗa wa kowane zane suna, na san wanda ke bin wani kamar yadda uba ya san jerin 'ya'yansa. In sauka da kibiya zuwa wanda nake so, in buga babban maɓalli, injin ya amsa daga bayana. In na yi kuskure sai ta yi ƙara, ɗin, in koma baya. Hannuna ya san hanya. Abokan ciniki har tsayawa suke yi su kalle ni, su ce Maigida ko kallon fuskar kwamfutar ba ya yi.

Sabuwar kuwa bebiya ce. Ka kunna ta, shiru. Ka yi daidai, shiru. Ka yi kuskure, shiru. Injiniya ta ce, "Ai ga shi tana rubuta maka a ƙasa, Baba." Na ce na gani. Rubutun nasu ƙanana kamar ƙafar kiyashi, fari-fari a kan toka-toka. Wane mai hankali ne yake rubutu haka?

Alhamis, 7 ga wata, da la'asar

Makullin ya ƙi. Ta cusa, ta zare, ta hura, ta sake cusawa. Sabon tsarin bai san shi ba, kamar baƙon da ya zo gidan da ba a gayyace shi ba. Wayar injin kuma babu ma ramin da za ta shiga a jikin sabuwar. Yini guda Injiniya tana ƙarƙashin tebur, ƙafafunta kawai a waje.

Dogo ya ce, "Injiniya, ko in kawo guduma? Mu da ba mu yi boko ba da ita muke gyara."

Ta ce daga ƙasa, "Kawu Dogo, ka ajiye ta kusa, in na gaji kanka zan fara gyarawa."

Suka yi dariya. Dogo ya fi shekara ashirin tare da ni, a kafaɗarsa yarinyar nan ta girma. Ni ban yi dariya ba. Raina fes yake, na ɓoye. Na ce a zuciyata Allah ya sa ya ƙi har hutun ya ƙare, ta tattara kwalinta. Sai kuma na tuna tsohuwar ba ta iya rabin awa yanzu ba ta suma ba.

Juma'a, 8 ga wata, da rana

Ban je asibiti ba. Na ce wa maiɗakina likitan ya yi tafiya.

Asabar, 9 ga wata, da hantsi

Ta samo dabarar wucin gadi. Wata manhaja ce daban, ta sabon tsarin, ba ta zane amma tana iya buɗe tsofaffin zanena. Ana kwashe zanen a filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake cusawa, a kai wa injin da hannu. Ta ce mu yi maneji da haka har ta samo 'yar mahaɗar da za ta haɗa wayar injin.

Ta zaunar da ni za ta koya min. Ni. "Danna koren can na sama, Baba."

Na ce ni ba na son nune-nune, ta faɗa min da maɓallan kibod.

Ta ce, "Ai ga shi nan a gabanka, kore, ƙato."

Na ce, "Injiniya, kafin a haife ki nake aiki. Faɗa min da kibod."

Ta faɗa. Sau ɗaya ta faɗa na haddace. Na buɗe, na sauka da kibiya, na kwashe, na rufe, ban yi gargada ba. Ta ce, "Kai Baba, ƙwaƙwalwarka ta fi ta 'yan ofis ɗinmu." Ta fi mana. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Biro ba ya kama takarda yanzu. Da maka mai kaurin baki nake rubutu, shi ya sa littafin yake saurin cika.

Lahadi, 10 ga wata, bayan azahar, a gida

Ta nemi makullin motar. Na ce motar tana da matsala, shi ya sa take rufe da tamfol tun bara. Ta ce bari dai ta gani. Ta yaye tamfol, ta ari batir a maƙwabta, ta zaga unguwa ta dawo.

"Baba, motar nan lafiyarta lau."

Na ce sai an hau babban titi take nunawa.

Maiɗakina tana wanke-wanke, na ji ta dakata, sannan ta ci gaba.

Wani ya matsar da kofina daga inda yake zama. Ruwan ya zube a kan tabarma. Ba wanda ya ce shi ne.

Litinin, 11 ga wata, da la'asar

Shugabar makarantar bayan asibiti ta kawo kwat-kwat ɗin 'yan ajin ƙarshe, an riga an ɗinka, bajo kawai za a sa a aljihu. Ranar Asabar za su ɗauki hoto. Tun tana ƙaramar malama nake yi musu aiki. Ta ga sabuwar kwamfutar ta ce, "A'a, Maigida an shiga zamani." Na ce zamani ne ya shigo ya same ni.

Talata, 12 ga wata, kafin magariba

Yau na nuna musu.

Injiniya ta tafi kasuwar kayan kwamfuta neman mahaɗar. Ta ce a jira ta dawo kafin a taɓa kwat-kwat ɗin. Na aiki Dogo can ƙetaren gari sayen zare, na ba shi jerin da zai sa ya yini. Na rufe ƙofa rabi. Na zauna, na buɗe, na sauka da kibiya zuwa gurbin da makarantar bayan asibiti take zama, na kwashe, na kai wa injin. Ni na ɗaura kowane aljihu a firam da hannuna. Kai shida suka tashi tare, ƙarar nan da nake so, kamar ruwan sama a kan kwano.

Na shafa su da yatsa, ɗinki ya kwanta lumui, ko zare ɗaya bai tashi ba. Na ɗaga guda a hasken ƙofa, garkuwa ce shuɗiya da ruwan zinare, yadda ta saba. Na ninke, na zuba a leda, na ɗaure. Direban makarantar ya zo ya kwashe kafin su biyun su dawo.

Injiniya ta ce, "Kai kaɗai, Baba?"

Na ce da wa na fara?

Laraba, 13 ga wata

Ba zan rubuta yau ba.

Alhamis, 14 ga wata, da hantsi

Jiya da safe shugabar makarantar ta shigo ba sallama. Ta zube ledojin a kan teburina. Dogo yana nan, Injiniya tana nan.

Ta miƙo min guda ta ce, "Maigida, bajon wa ye wannan?"

Na ce naku.

"Duba da kyau."

Na karɓa. Na riƙe. Na juya shi wajen ƙofa. Na ce, "Naku ne mana, Malama."

Fanka kawai ke juyawa.

Shugabar ta ce, kuma muryarta ta sauka, abin da ya fi ƙona min rai ke nan, da ma ihu ta yi, "Sunan makarantar bakin gada ne a jiki. Da manyan baƙaƙe."

Makarantar bakin gada. Waɗanda suka kwashe mata malamai bara. Su ma garkuwa ce da su.

Injiniya ta yi wuf ta ce laifinta ne. Ta ce sabon tsarin ba ya jera sunaye yadda tsohon yake yi, masu farawa da babban baƙi yake turawa gaba, sauran su biyo baya, don haka kowane zane ya bar gurbinsa, ita kuma ta manta ba ta faɗa min ba. Gaskiya ta faɗa. Na kama maganar kamar wanda ruwa ya ci aka miƙa masa takobi. Na yi mata faɗa a gaban baƙuwa, faɗan da ban taɓa yi mata ba tun tana firamare. Na ce ta zo ta rusa min shago da karatunta. Na ce abubuwa da yawa. Ta sunkuyar da kai tana cewa ka yi haƙuri Baba.

Shugabar ta ce ita dai Asabar take so ta ga kayanta. Da za ta fita ta tsaya a bakin ƙofa kamar za ta ƙara wani abu, ba ta ƙara ba.

Bayan ta tafi, Dogo ya fita wai zai sha iska. Injiniya ta matso ta ce a hankali, "Baba, amma hoton zanen yana fitowa a gefen dama kafin a kwashe. Ya cika rabin fuskar."

Na ce hasken taga ne ya kashe shi.

Teburina bango yake kallo, hasken taga ba ya kaiwa wurin. Ta sani, ita ta taya ni juya shi tana 'yar sakandare. Na ji idonta a kaina har na tashi.

Juma'a, 15 ga wata, da la'asar

Ana farke bajo da reza. Dogo, Injiniya, har maiɗakina ta zo da kujerarta. Ɗinkin inji ba ya farkuwa da daɗi, yana barin huji kamar rariya. Dogo ya ce a ƙara girman na gaskiyar kaɗan ya rufe tabon. Na ce abin da zan ce ke nan.

Reza uku aka sayo. Ni aka ba ni ninki.

Asabar, 16 ga wata, bayan azahar

An kai kayan da sassafe. Ba ta aiko da godiya ba, ba ta aiko da ƙorafi ba.

Maiɗakina ta same ni a tsakar gida. Ta ce, "Baban Injiniya, likitan nan bai yi tafiya ba. Na kira."

Na ce wa ya aike ta.

Ta ce, "Ya ce na dama, in aka yi sauri…"

Na ce ban tambaye ta ba.

"Shekara talatin da wani abu ina ajiye maka takalmi a wuri ɗaya don ka fi son haka. Yanzu ina ajiyewa ne don dole. Kana tsammanin ban san bambancin ba? Yarinyar nan ka wanke ta tas a gaban mutane a kan abin da kai da ni muka san ba nata ba ne. Girman kai rawanin tsiya ne, wallahi."

Na ce in ta gama ta kawo min ruwa. Ta kawo. Ta sa min a hannu, ba ta ajiye a ƙasa ba.

Litinin, 18 ga wata, da la'asar

An samu mahaɗar. Injiniya kuma ta yi wani abin da ban san ana yi ba. Ta gina wa tsohon tsarin ɗaki a cikin sabon. Haka ta kwatanta min: sabon shi ne mai gida, tsohon yana zaune a ɗakin baƙi, bai ma san an tashe shi daga gidansa ba. Ta kwashe komai na cikin tsohuwar ta zuba a ɗakin, ta buɗe wa makullin da wayar injin ƙofa su shiga wurinsa kai tsaye. Manhajar zanena ta buɗe. Ta tura gwaji, injin ya amsa daga bayana. Dogo ya yi kabbara.

Na zauna. Wani lokaci in danna, tsohon ya ji. Wani lokaci in danna, mai gidan ne ya ji, ya buɗe abin da ban sani ba. Ba ka sanin da wa kake magana.

Ta ce za ta gyara. Sannan ta ce, "Akwai wani abu kuma, Baba, gwadawa kawai." Ta danna wani abu, sai ga muryar mace daga cikin kwamfutar tana karanta duk abin da na taɓa da Turanci, da ƙarfi, ƙofar shago a buɗe, mai shagon taya na maƙwabta yana zaune a kan bencinsa.

Na ce ta kashe. Ta ce mutane da yawa suna amfani da shi, har a ofis ɗinsu akwai wani. Na ce wane irin wani? Ta kau da kai. Na ce ta faɗa min wane irin wani. Na buga tebur har kwalbar man inji ta faɗi. Na ce ni ba…

Ta kashe.

Talata, 19 ga wata, da rana

Ba ta yi min magana ba sai gaisuwa. Ni ma amsawa kawai.

Laraba, 20 ga wata, da hantsi

Na zo kafin kowa. Na jawo tsohuwar daga lungun da aka tura ta, na jona, na kafa mata fanka a baya. Na ce ko na kwana biyu ne ta ƙara min. Ta yi waƙarta rabi, ta yi wata 'yar ƙara kamar an taka busasshen ganye, sai warin ƙonannen roba.

Na daɗe a tsugune hannuna a kanta har ta huce.

Dogo ya shigo ya shaƙi warin. Ya buɗe taga, ya ɗauke ta ya mayar lungun, ya rufa mata buhu. Ya ce, "Maigida, in ɗora ruwan shayi?" Na ce ɗora.

Alhamis, 21 ga wata, bayan azahar

Na dawo daga cin abinci na tarar da ita a kujerata. Ba ta ji shigowata ba. Tana danna maɓalli tana ƙirga a ƙasan numfashi, ta tsaya, ta koma farko, ta sake. In abu ya kuɓuce sai ta yi tsaki, ta ɗaga wani abu daga fuskarta, ta gyara, ta mayar, ta sake daga kunnawa.

Dogo ya shigo bayana da ƙunshin huluna ya ce, "A'a, Injiniya, wasan ɓuya kike yi da kwamfutar? Wa ya ɗaure miki ido da ɗankwali?"

Sai ya gan ni. Ya katse dariyar.

Ta fizge ɗankwalin. Ta ce kanta ne ke ciwo, hasken ya dame ta.

Na ce ta sha magani. Na fita na zauna a kan bencin mai taya, ba ya nan. Motoci suna wucewa. Ban san tsawon zaman da na yi ba.

Ban ce ta daina ba.

Asabar, 23 ga wata, da hantsi

Ta ce in zauna in kunna.

Na kunna. Shiru na ɗan lokaci, sannan waƙar gaisuwar, ita, ba wata ba, har da ɗan karkarwar da take yi a ƙarshe. Ta sa tsohon ya tashi da kansa ya cika fuskar gaba ɗaya, mai gidan ya koma bayan labule. Maɓalli biyu da hagu, manhajar zane. Wasu biyu, jerina, kowa a gurbinsa. Da gangan na danna ba daidai ba. Ɗin. Na sauka da kibiya na tura, injin ya amsa.

Na yi sau uku. Na yi aikin hulunan wani kamfanin gadi tun daga farko har ƙarshe, tana tsaye a bayana ba ta sa baki ba.

Ta ce, "Kawu Dogo, kai ne shaida. Baba ya iya. Ba za a kawo kowa ba."

Dogo ya ce, "Da ma wa zai iya zama a nan? Kujerar ta riga ta lotsa daidai shi."

Na ci. Da bakina na sa sharaɗi, na kuma cika. Ya kamata in ji daɗi.

Da Dogo ya shiga ciki ta durƙusa kusa da kujerar ta ce, "Na yi iya abin da zan iya, Baba. Amma mai gidan yana nan a ƙasa, wata rana zai ɗaga labule ya yi magana, ban isa in rufe masa baki gaba ɗaya ba. Kuma na karɓar maka ranar likita, uku ga wata mai kamawa. Ba roƙonka nake yi ba."

Na ce tashi, ƙasan akwai allurai.

Na so in ce mata wani abu a kan ranar Larabar nan. Na ce mata aikin ya yi.

Lahadi, 24 ga wata, da rana

Mun raka ta tasha. Motar ta tashi, maiɗakina ta ce, "Ga ta can tana ɗaga maka hannu." Na ɗaga. Maiɗakina ta kama gwiwar hannuna ta ɗan juya ni hagu.

Litinin, 25 ga wata, da la'asar

Aiki tun safe, ko tuntuɓe babu. Rigunan wani otal, bajon 'yan ƙwallo. Hannuna ya san hanya. Wa ya ce?

Talata, 26 ga wata, bayan azahar

Mai shagon taya ya kawo rigunan ma'aikatansa a sa musu suna a baya, ya ce zai jira. Mutumin nan in ya ji abu da safe, kafin rana ta take har masu wankin mota na ƙarshen layi sun ji. Ya tsaya a bakin ƙofa yana ba Dogo labarin wani direba.

Na buɗe, na sauka da kibiya. Kibiyar ba ta sauka ba. Na danna babban maɓalli, shiru. Na danna na komawa baya, babu ɗin, babu komai. A tsakiyar fuskar akwai wani fari mai kusurwa huɗu da bai taɓa zama a wurin ba.

Na matsa kusa. Na ƙara matsawa har na ji ɗumin gilashin a hancina. Na juya kai gefe, wani lokaci ta gefe yakan fi. Layi biyu ne na rubutu, iyakar abin da na samu ke nan.

Na kira Injiniya, wayar a kashe, tana wurin aiki. Zan iya danna abin da na ga dama. Zan iya kashe wuta in sake kunnawa. Amma ban san me yake tambaya ba, in ya ce ne zai share ɗakin baƙin fa? Duk abin da na zana tun farko yana ciki, tsohuwar kuma tana ƙarƙashin buhu.

Mai taya ya ce, "Maigida, yau hannun ya yi sanyi ne?"

Na ce inji ne ke ɗumama.

Na zauna. Labarin direban ya ƙare, ya fara wani, shi ma ya ƙare.

Na ce, "Dogo."

"Na'am, Maigida."

"Zo ka karanta min wannan."

Ya zo. Ya sunkuya. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Maigida, ka san ni da Turanci. Baƙaƙen kawai na sani."

Na ce kira su ɗaya-ɗaya.

Ya sa yatsa a gilashin ya fara. "Bi. E. Ti. Ti kuma." Shi yana kira, ni ina haɗawa. Dogo ba ya iya raɗa, muryarsa kamar ganga take. Kalma bayan kalma, manya biyu masu furfura, kamar 'yan aji ɗaya. Shagon ya yi tsit, ba mai ba da labari a bakin ƙofa.

Batirin maus ne ya kusa ƙarewa. Abin da yake so ya faɗa ke nan, yana jira a ce masa an ji. Maus ɗin da ko taɓa shi ba na yi.

Na nuna wa Dogo yadda zai kai kibiyar kan akwatin ya danna. Farin ya ɓace. Na tura aikin, injin ya amsa.

Mai taya ya karɓi rigunansa da hannu biyu. Bai yi ciniki ba, shi da yake ciniki a kan allura. Ya ce, "Sannu, Maigida. Allah ya sawwaƙe."

Laraba, 27 ga wata, da safe

Daga bakin titi zuwa ƙofar shago ban taɓa sanin layin nan yana da tsawo haka ba. Tun da na kafa shago a nan gaisuwata ɗaya ce, Maigida ina aiki, in ce da godiya. Yau mai walda ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Maigida, ya jiki?" Mai kantin magani ta fito har waje, ya jiki. Wani ya ɗauke min bokiti daga hanya da gudu, ban san ko waye ba.

Na ce da sauƙi. Duk na ce musu da sauƙi.

Na buɗe shago. Na kunna, ta yi waƙarta. Dogo zai wuce ciki wurin zare, na ce masa zaren zai jira, ya tsaya nan kusa.